Ƙulli Uku

Maska, biyar ga watan Muharram, shekara ta 1279 daga Hijira

Da sunan Allah. Takarda daga hannun Sada ɗan Malam Aƙilu zuwa ga yayarsa Hansai da ke aure a Malumfashi. Gaisuwa mai yawa da so da yarda. Ina lafiya, ina fatan ke da maigidanki da mutanen gidanku kuna lafiya. Sanda mai jakai zai kawo miki wannan. Yana kai zannuwan Maska kasuwarku a kai a kai, ta hannunsa za ki riƙa ba ni amsa.

Bayan haka, Yaya, na zama ɗan kasuwa! Kawu Maitama ya karɓe ni hannu biyu, ya ce ɗan ƙanwarsa maraya ba zai zauna yana korar ƙuda ba alhali ya kai shekara goma sha biyar. Rumfarsa tana cikin 'yan koli, kusa da masu shuni. Akwai allura da kwalli da kanumfari da masoro da turare, sai magunguna cikin tandunan fata, sun fi talatin, rataye a jikin itace. Aikina in share, in shimfiɗa kaya, in auna, in ƙulle wa mai saye a tsumma. Ranar farko wata mata ta taya allura na sallama mata nan take. Kawu ya yi dariya har rawaninsa ya kwance, ya ce ba a sallamawa a tayin farko ko da raƙumi aka taya.

Amma bari ki ji abin mamaki. Kawu bai san ko alif ba. Kowane tandu da igiya a wuyansa, da ita yake gane abin da ke ciki. Igiya ba ƙulli, kayan miya ne. Ƙulli ɗaya, maganin sha. Ƙulli biyu, na shafawa. Mai ƙulli uku guda ɗaya ne, ya ce ba a buɗe shi sai ga maharba, kuma a wanke hannu bayan an taɓa. Kwana uku yana ɗaure mini ido yana sa ni lalube kamar makaho, wai hannu ya fara tambayar igiya kafin ido ya duba, don gari yana kama da gari. Kullum kuma faɗansa ɗaya, in dubi fuskar mai saye, in tambaye shi daga ina yake, wa zai sha.

Igiyoyin nan, Yaya, sun yi baƙi ƙirin da maiƙo, har kunya nake ji in baƙo ya tsaya. Mu da Malam, Allah ya jiƙansa, ya koya wa riƙon alƙalami, a ce muna lalube? Jibi Kawu zai tafi Zariya sayen kaya, zai bar mini rumfa kwana goma sha biyu. Akwai wata dabara da zan yi masa, in ya dawo sai ya riƙe baki. Ba zan faɗa miki ba tukuna.

Ki gaishe da maigidan. Wassalam.

*

Malumfashi, goma sha uku ga Muharram

Daga Hansai zuwa ga ƙanenta Sada, attajirin Maska. Gaisuwa da fatan alheri. Takardarka ta iso, na karanta sau uku, na yi dariya sau uku. Na ba Gwaggo Hajo labari, gwaggon maigidan wadda ba ka taɓa gani ba, ita ke riƙe da ni a gidan nan. Har ta ce na ishe ta da zancen ƙanena, sai ka ce ni kaɗai Allah ya ba ƙane.

Mutanen gida lafiya. Ni dai jikin sai a hankali, nauyi yake mini. An hana ni daka, an hana ni ɗaukar tulu, ko zaure ba na leƙawa. Kada ka tambaye ni me ke nan, ba maganarka ba ce. Gwaggo kuma ta bi ayari kudu ganin danginta, gidan duk ya yi mini faɗi. Gero ya fara fitar da kai, ruwa kullum.

To sai maganar dabararka. Wallahi ba ta kwanta mini ba. Na san ka, Sada. Ba kai ne ka wanke allon Malam a kwata ba, wai ya yi datti, ashe rubutun sha ne da ya yini yana yi wa mara lafiya? Tsohon nan ya shekara talatin yana lalube, bai kashe kowa ba. Ka bar wa mutum kayansa yadda ka same su. Ka share rumfa, ka yi sallarka a kan kari, ka daina yi wa Kawu kallon jahili, shi ke ciyar da kai.

Na ba Sanda ƙullin daddawa ya kawo maka. In bai kawo ba ka faɗa mini, ni da shi ne. Wassalam.

*

Maska, goma sha tara ga Muharram

Daga Sada zuwa ga Yaya Hansai. Gaisuwa. Allah ya ba ki lafiya, na ji kin ce jikinki da nauyi. Ni kuma ba ciwo nake ba, amma gara ciwon. Ki karanta wannan ke kaɗai.

Takardarki ta zo bayan na riga na yi. Kashegarin tafiyar Kawu na sauke tandunan duka, na yanke tsofaffin igiyoyin gaba ɗaya na watsar da su a juji, na sa sababbi farare. Na yayyanka takarda na rubuta sunan kowane gari na manna. Na san yawancinsu da ƙamshi. Guda biyu ne suka tsaya mini, dukansu gari mai ɗaci, launin ƙasa. Ɗaya ɓawon maɗaci ne, maganin sha. Ɗaya kwankwani ne, wanda maharba ke dafa dafin kibiya da shi, shi ne mai ƙulli uku. Na dudduba, na ce ai na gane, na rubuta. Rumfar ta yi kyau, Yaya, har maƙwabta suka zo kallo.

Shekaranjiya wani maharbi ya zo sayen kwankwani. Na miƙa masa tandun da na rubuta wa sunan. Ya shinshina, ya ɗanɗana da bakin harshe, ya tofar, ya ce, yaro, da wannan ko gafiya ba za ta faɗi ba, maɗaci ne. Sai ya ɗauko ɗayan da kansa, ya duba, ya ce ga nawa nan. Wanda na rubuta wa maɗaci, shi ya ɗauka.

Na zauna a ƙasa. Domin kwana huɗu kafin nan na sayar daga cikin wannan tandun. Sau ɗaya tak, ruwa ya hana mutane zuwa kasuwa. Wata tsohuwa ce. Ta ce in ba ta maɗaci mai kyau, za ta kai wa 'yarta da za ta haihu da kaka, ta jiƙa mata ta sha in ta sauka, cikinta ya wanku. Na cika mata cokalin duma uku, na ƙulle a jan tsumma. Cokali uku, Yaya! Maharbin ya ce ɗaya ya isa kwarin kibau guda.

Ban tambaye ta sunanta ba. Ban tambaye ta garinsu ba. Ko fuskarta ban duba ba, ina can ina gyara wata takarda da ta ɓalle. Ta tsaya ta daɗe kamar tana son in ɗaga kai, ban ɗaga ba. Abin da na riƙe kawai, da za ta tafi ta ce bari ta yi sauri, hanyar Malumfashi da nisa.

Na zaga kasuwa ina tambaya a fakaice, ba wanda ya san ta. Ba na iya cin abinci. A wani ɗaki can wajenku akwai jan ƙulli a ajiye yana jiran wata mata ta haihu, kuma ni na ƙulla shi da hannuna. Kaka ta kusa. Tsoro nake ji, Yaya, irin wanda ban taɓa ji ba ko ranar da aka binne Malam. Me zan yi? Kawu bai dawo ba. Don Allah ki ba ni amsa ta hannun duk wanda ya fara tasowa.

*

Malumfashi, ashirin da shida ga Muharram

Daga Hansai zuwa ga Sada. Gaisuwa. Muna nan lafiya, jikina yana nan yadda yake.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Sada, ka kashe ni. Da kana kusa da na fasa maka baki. Ban faɗa maka ba? Amma faɗa ba zai dawo da jan tsumma ba, saboda haka ka buɗe kunnenka.

Kada ka faɗa wa kowa. Ko Kawu. Ka nemo tsofaffin igiyoyin ka mayar da su, ka ƙona takardunka. Ka san abin da zai biyo baya in maganar ta fita? Sarkin Kasuwa zai kai ka gaban alƙali, a sa maka mari a ƙafa. In an sami gawa kuwa, ban ma son in rubuta. Ba mu da uba, ba mu da mai tsaya mana. Kawu kuma sunansa ya ɓaci ke nan, wa zai ƙara sayen magani a rumfar da ta sayar da dafi? Ni ma nan, shekarata ɗaya a gidan mutane. In aka ji ƙanen amarya ya ƙulla wa mai jego guba, ina zan sa fuskata? Maigidan ma ban faɗa masa ba. Gwaggo Hajo ta dawo daga tafiyarta, ta tarar ina hawaye a kan takardarka, na ce mata hayaƙi ne.

Ka bar mini neman. Akwai Ladidi mai kitso, ba gidan da ba ta shiga daga nan har Dayi. Na ce ta binciko mini masu tsohon ciki, da kuma wadda uwarta ta je Maska kwanan nan. Na ce mata mafarki na yi, ina son in ba da sadaka. Ta ƙirgo mini tara zuwa yanzu, ba wadda uwarta ta taka Maska. Za mu same ta a ɓoye, in aika a karɓo ƙullin, shi ke nan ba wanda ya ji.

Kai dai ka ci abinci, kada ramarka ta tona ka. Ni ma tsoron nake ji, ba na ɓoye maka. Duk guɗar da na ji daga wani gida sai in aika a tambayo wa ta haihu. Ka ƙona wannan in ka karanta. Wassalam.

*

Maska, huɗu ga watan Safar

Daga Sada zuwa ga Yaya Hansai. Gaisuwa. Yaya jikin? Ciwon nan naki ya daɗe, ki sa a nemi magani. Na so in aiko miki daga rumfa, sai na tuna ko ni wane ne.

Na yi yadda kika ce. Na tono igiyoyin daga juji na mayar. Uku sun ruɓe, na yi sababbi na shafa musu maiƙo da toka. Kawu ya dawo ran Laraba, ruwa ne ya tsare shi a hanya. Ko ruwa bai sha ba ya shiga rumfa yana shafa tandunansa kamar mai gaida 'ya'ya. Da ya kai kan mai ƙulli uku sai hannunsa ya tsaya. Ya ce, wannan ba ƙullina ba ne. Na ce igiyoyin ne suka tsinke na sake. Ya ce, ɗaya bayan ɗaya ka sake su? Na ce ɗaya bayan ɗaya. Ya dube ni, ya ce to madalla, ya ba ni alkaki da ya riƙo mini daga Zariya. Yana nan cikin aljihuna har yau, na kasa ci.

Yanzu kam ina duban fuskar kowa. Duk tsohuwar da ta ratso kasuwa sai in bi ta da ido har ta ɓace. Jiya na bi wata har bakin ganuwa na kama mata zane, ta kwarma ihu, ashe mai sayar da kuka ce ta unguwarmu. In na ga dogari ya nufo 'yan koli sai in shige bayan rumfa. An fara yankan gero a nan. Ladidi ta samo wani abu?

*

Malumfashi, goma ga Safar

Daga Hansai. Gaisuwa a gurguje, Sanda ya ɗaura kaya yana jira a ƙofa.

Ladidi ta zo yanzun nan. Wata yarinya a Dayi ta haihu ran Lahadi, ta rasu ran Litinin. An ce an ba ta wani jiƙo ta sha, ba a daɗe ba ta fara shure-shure. Uwarta tsohuwa ce mai yawon kasuwanni. Ban san ko ita ce ba. Na sake tura Ladidi ta je gaisuwar mutuwa ta gano launin tsumman. Kada ka yi komai sai ka ji daga gare ni.

*

Maska, biyu ga watan Rabi'ul Awwal

Daga Sada zuwa ga Yaya Hansai. Gaisuwa. Ban san ko kina lafiya ba, ban san ko wannan za ta same ki ba. Kwana goma sha tara ke nan ban ga takardarki ba. An ce rafuka sun cika, jakai ba sa hayewa. Ni kuwa na ɗauka kin gano tsumman ja ne, kin rasa yadda za ki faɗa mini.

Yaya, ki gafarce ni, na karya maganarki.

Kwana biyar na riƙe takardarki ta ƙarshe. Ina auna wa mutane masoro ina ganin yarinyar Dayi. Ina tunanin jaririn, wa ke ba shi nono. Ran na shida da hantsi wata mata mai ciki ta tsaya sayen kanumfari, ta ce mini sannu yaro, Allah ya yi albarka. Sai kawai na fashe da kuka a tsakiyar kasuwa. Kawu ya ja ni bayan rumfa, na faɗa masa komai, tun daga yankan igiya har zuwa Dayi.

Ya mare ni sau ɗaya, na ga wuta. Ya ce ba na igiya ba ne, yaro yakan yi wauta. Na kwanakin da na cinye ina shiru ne, alhali ƙullin yana ɗakin mutane. Ya tambaye ni, ka tabbata ta Dayi ita ce? Na ce ban tabbata ba. Ya ce to ke nan mai yiwuwa wata tana nan da ranta tana jira, mu kuwa muna nan muna tsaron suna.

Ya kama hannuna har gaban Sarkin Kasuwa. Ina tafe ina jin kamar an riga an sa mini marin. Amma bai ce Sada ya yi ba, cewa ya yi rumfata ta yi. Sarkin Kasuwa ya ce in aka tabbatar da mutuwa sai gaban alƙali. Kawu ya ce ya ji, amma a ba shi mai shela yau. Mai shela ya buga ganga, Kawu ya ce shi zai yi maganar da bakinsa. Ya hau kan turmi a tsakiyar kasuwa, tsoho da furfurarsa, yana cewa, jama'a, ni ne Maitama ɗan koli. Duk wadda ta sayi maɗaci a rumfata cikin Muharram, a jan tsumma, kada ta ba kowa. Dafi ne. Ya faɗa a wajen masu shuni, ya faɗa a wajen mahauta, ya faɗa a bakin ƙofar gari har muryarsa ta dushe. Sannan ya bi fatake ɗaya ɗaya yana roƙon su faɗa a duk kasuwar da suka sauka. Sanda ya ce ko da iyo ne zai haye ya faɗa a Malumfashi da Dayi.

Tun ranar ba wanda ya sayi magani a wurinmu. Ko allura sai a wuce mu a saya gaba. Mata suna jan 'ya'yansu in sun zo daidai rumfar. Wani ya tofa yawu a kan tabarmarmu. Kawu yana zaune yana jan tasbaha, kullum da safe ya sa ni shimfiɗa kaya kamar ba abin da ya faru. Na ce ya kore ni. Ya ce in ya kore ni wa zai koya wa lalube, ya sake ɗaure mini ido.

Na san na jawo miki abin kunya a gidan miji, shelar za ta zo har ƙofarku da sunan kawunki. In kin yi fushi ki yi, amma ki rubuto. Kullum ina kallon hanya, ban san wanda zai fara zuwa ba, Sanda ko dogarin alƙali. Ki faɗa mini launin tsumman ko da ja ne.

*

Malumfashi, goma sha huɗu ga Rabi'ul Awwal

Da sunan Allah mai jinƙai. Daga Hansai zuwa ga ƙanenta Sada. Gaisuwa da so. Ina lafiya. Ka sake karanta wannan, ina lafiya. Takardarka ta iso jiya. Tawa da na rubuta tun tuni ta kwana goma a bakin rafi ta dawo mini a jiƙe.

Ka fara kai wa Kawu wannan. Yarinyar Dayi ba taku ba ce. Jini ne ya ɓalle mata, jiƙon kuwa saiwa ce da suka tono a bayan gidansu, uwarta ba ta taɓa ganin Maska ba. Allah ya jiƙanta. Ba alƙali, ba mari.

Yanzu ka zauna. Kai da karatunka, na ce maka jikina da nauyi, an hana ni daka, ka ce in nemi magani. Wawa. Ina za a yi in buɗe baki in faɗa wa ƙanena irin wannan, na fari kuma? To na sauka, yau kwana goma. Namiji ne.

Kashegarin haihuwar, da safe bayan wanka, Gwaggo Hajo ta shigo da 'yar ƙwarya ta ajiye a gefen gadona. Ta ce magani ne na wankin ciki, in bari ya kwanta in shanye, ita za ta kasuwa sayen kanwar kunu. Na ɗauka, na kai baki, ɗacin ya bugi hancina. Ka san ni da ɗaci tun muna yara. Na ce bari in ɗan huta tukuna, na ajiye. Na sake ɗauka, yaron ya yi kuka, na sake ajiyewa.

Ina ba shi nono na ji ihu tun daga zaure. Gwaggo ce, ba ɗankwali, ba takalmi, tsohuwar da ba ta iya tashi sai ta dafa bango. Ta faɗo ɗakin tana cewa kin sha? Kin sha? Kafin in amsa ta sa ƙafa ta shure ƙwaryar har tsakar gida. Ashe tana cikin tayin kanwa ta ji Sanda a kan jakinsa, laka har gwiwa, yana shelar Kawu. Kaji biyu suka sa baki a inda ruwan ya kwanta. Kafin a kore su ɗaya ta kife, ɗayar ta bi ta. Gwaggo ta zauna a ƙasa ta zaro jan tsumma daga ƙugunta, da sauran garin a ciki. Da na gan shi, Sada, sai ɗakin ya juya mini.

Ita ce tsohuwarka. Daga wajen danginta ta ratsa Maska don ta sayo zanen goyo, ta kuma ga ƙanen nan da na ishe ta da zancensa. Ta nemi rumfar da gangan. Ba ta faɗa maka ko ita wace ce ba, wai suruka ba ta tallar kanta, jira take ka ɗaga kai ka tambaya. Ni kuma ba ta faɗa mini ba, don ba a yi wa mai cikin fari zancen kayan jego. Da ta ce 'yata, ni take nufi. Ƙullin yana soke a rufin ɗakina, daidai kan gadona, tun ƙarshen Muharram. A ƙarƙashinsa na zauna na rubuta maka cewa ka yi shiru. Na tura Ladidi gida tara, har Dayi, ko sau ɗaya ban ƙirga kaina ba. Mutum ɗaya ce a duniya da ta san inda yake, ita kuma na ce mata hayaƙi ne.

Na faɗa musu komai, ita da maigidan, har da shawarar da na ba ka. Na zaci za a yi mini gori. Gwaggo ta ce in kun haɗu sai ta ja maka kunne har ya yi tsawon na jaki, amma daga yau ba ta sayen ko barkono sai a rumfar mutumin da ya hau turmi. Tana faɗa wa duk matar da ta shigo barka, kuma ka san bakin Gwaggo ya fi ganga. Maigidan zai zo Maska da kansa in hanya ta bushe. Ran suna an raɗa wa yaron sunan Kawu.

Ka ce in yi fushi. Da wa? Ka bar tsohon ya ɗaure maka ido har sai ya gaji, kada ka ƙara taɓa masa igiya. Ka ci alkakin nan in bai ruɓe ba. Ni ce babba, ni na ce ka rufe bakinka, kai kuma ka ƙi ji kamar yadda ka saba. Da ka ji maganata sau ɗayan nan, Sada, da wani ne ya rubuta maka wannan takarda.

Yaron ya tashi. Wassalam.